Man CBD da aka aiko wa Inna daga Faransa: abin da sati biyar suka nuna mini

Shekara uku ke nan Inna ba ta kai goshinta ƙasa ba. A kan farar kujerar roba take sallah a ƙofar ɗakinta, kuma duk da malamai sun sha gaya mata sallarta ta cika, wannan abin ya fi ciwon kansa cin ranta. Gwiwoyin ne duka biyu, amma ta dama ta fi tsanani. Da safe sai ta daɗe a bakin gado tana murza su kafin ta iya miƙewa. In hunturu ya sauko Garwa kuwa, sanyin asuba ya taso daga wajen Binuwai, har ƙarar gaɓar kana ji idan ta taka. Likitan da ya duba hoton ƙashinta ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ne ya zaizaye, irin amosanin gaɓɓai da shekaru da nauyin jiki ke kawowa. Ƙwayar diklofenak ta ɗan taimaka mata, sai gyambon cikinta ya tashi, ga hawan jini, likita ya ce a daina. Aka bar ta da farasitamol da haƙuri.

Ana cikin haka ƙanena da ke aiki a Liyon ya ba wani ɗan unguwarmu da zai zo hutu saƙo. A cikin kayan akwai wata 'yar kwalba mai faɗin baki da koren murfi, mililita 50, an zana ganye mai yatsu bakwai a jikinta, a ƙasa an rubuta CBD 500 mg. Yuro 30 ya saye ta, wato kusan sefa dubu 20. A waya murya tasa cike da murna. Ya ce, “Yaya, wannan shi tsofaffin Turawa ke shafawa yanzu, maganin kumburi ne, an yi bincike a kansa.” Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Yana can nesa, uwarsa na ciwo, kuma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ba zan kama sunan kamfanin ba. Irin wannan man ya cika shagunan Turai, ya kuma fara shigowa nan ta hannun matafiya da masu talla a Facebook da WhatsApp, don haka abin da zan faɗa a kan wannan kwalbar ya shafi 'yan uwanta da yawa. Ni dai shekara 19 ina koyar da kimiyyar halittu a makarantar sakandare, kuma ba na iya sa wa mahaifiyata abu a jiki ban karanta a kansa ba.

Inna ce ta fara tambayar da ta dace. Ta ɗauki kwalbar ta kawo kusa da ido, ta ga ganyen, ta ajiye. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana. Ta ce, “Malam, wannan ba ganyen wiwi ba ne? In na shafa, ina alwalata, ina sallata?”

Na yi mata bayani iya yadda zan yi wa ɗalibaina. Tabar wiwi tana da sinadarai 'yan dangi ɗaya sama da ɗari. Wanda ke bugarwa sunansa THC, kuma Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni ne suka fitar da shi tsantsa a Isra'ila a 1964. CBD ɗan uwansa ne amma ba ya sa maye. Wani masanin kimiyyar sinadarai a Amurka, Roger Adams, shi ya fara ware shi tun 1940. Inna ta saurara, sannan ta ce a tambayi liman. Da na same shi bayan la'asar ya kawo hadisin nan da ke cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haram ne. Ya ce in har wannan sinadarin ko an yawaita shi ba ya gusar da hankali, kuma a fata za a shafa don magani, shi bai ga abin hanawa ba. Sai ya ƙara da tambayar da ta hana ni barci a daren: “Amma Malam, ka tabbata abin da aka rubuta a jikin kwalbar shi ne a ciki?” Zan dawo kan wannan.

Gaskiya ce ƙanena ya faɗa da ya ce an yi bincike, kuma binciken abin girmamawa ne. A jikin ƙwayoyin halittarmu akwai wasu wurare kamar kwaɗo, sinadari kuma shi ne mabuɗi. A 1988 aka gano kwaɗon farko da sinadaran wiwi ke buɗewa, CB1, wanda ya fi yawa a ƙwaƙwalwa, nan ne maye ke fitowa. A 1993 aka gano na biyu a Kambirij ta Ingila, CB2, shi kuwa ya fi yawa a jikin ƙwayoyin garkuwar jiki. A tsakaninsu, a 1992, aka gano cewa jikinmu da kansa yana ƙera mabuɗin waɗannan kwaɗuna, sinadarin da aka sa wa suna anandamid. Wannan ne ya ja hankalin masana, domin kumburi aikin garkuwar jiki ne: jini ya ruga wurin da aka ji rauni, wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya tasa, ya yi ciwo. Idan akwai kwaɗon da ke ce wa waɗannan ƙwayoyin su sassauta, to akwai fatan sabon magani. CBD kansa ba ya kama CB2 da ƙarfi, ta wasu hanyoyin yake bi, ciki har da kwaɗon da ke sa mu jin yajin barkono.

Abin da ya fi burge ni a duk karatun nan a madafar Inna yake. A 2008 masu bincike a Siwizalan suka nuna cewa wani sinadari mai ƙamshi da ke cikin wiwi, beta-kariyofilin, yana buɗe CB2 ba tare da ya taɓa CB1 mai kawo maye ba. Shi wannan sinadarin yana nan cikin masoro da kanumfari, kayan yajin da ake daka wa mai jego tun zamanin kakanni. Da na gaya wa Inna sai ta ce ai ita tun da can ba ta shan kunu babu su.

To amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kusan duk hujjar da masu talla ke kafawa da ita daga ɓeraye ta fito. A 2000 masana a Landan da Urushalima suka ba ƙananan ɓeraye masu amosanin gaɓɓai CBD, lalacewar gaɓɓan ta ragu. A 2016 a jami'ar Kentucky ta Amurka aka shafa wa ɓeraye CBD a fata kwana huɗu, kumburin gwiwarsu ya sauka. Wannan na biyun shi ne wanda shafin kamfanin namu yake nuni da shi. Daga baya na zauna da alƙalami na yi lissafi. Ɓeran da bai kai rabin kilo ba sai da aka shafa masa miligiram 6.2 a yini kafin a ga amfani, abin da ya gaza haka bai yi komai ba. Kwalbarmu mai miligiram 500 ta yi mana sati biyar ana shafawa safe da dare, wato miligiram 14 a yini, a raba wa gwiwa biyu na mace mai kilo 78. Na san ba a auna maganin mutum da na ɓera kilo da kilo, amma tazarar nan ta wuce misali. Ban da haka, kumburin ɓeran allura aka yi masa aka tayar da shi cikin 'yan kwanaki. Gwiwar Inna kuwa shekara goma ta yi tana zaizayewa, tun lokacin da take ɗaukar bokitin ruwa tana tsugunawa a gindin murhu.

Duk da haka muka fara, tun da kaya ya riga ya zo kuma likitanta ya ce shafawa a fata ba za ta cutar da cikinta ba. 'Yata ta biyu, wadda ke kwana a ɗakin Inna, ita ce mai shafawa, bayan sallar asuba da bayan isha'i.

In faɗi alherinsa. Man yana da laushi, yana shiga fata da wuri, ba ya barin maiƙo a zani kamar yadda man zafin kasuwa ke yi. Ƙamshinsa na na'ana'a ne mai sauƙi, ba ya cika ɗaki ya sa ido hawaye. Bai fitar mata da ƙuraje ba, bai sa ta ƙaiƙayi ba. Minti kaɗan bayan an shafa takan ce ta ji sanyi yana ratsa gwiwar, kuma a satin farko barcinta ya gyaru, ta daina tashi tsakar dare tana neman a miƙo mata ruwan ɗumi. Ranar Juma'a ta farko ta taka har ƙofar gida ba sanda. Na ji daɗi ƙwarai, har na aika wa ƙanena saƙon murya ina sa masa albarka.

Sai dai da na sake duba jerin abubuwan da aka haɗa man da su, ƙananan rubutun nan na Faransanci a gindin kwalbar, sai na ga mentol da kafur suna gaba da CBD a jerin, kuma a ƙa'idar Turai abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Sanyin da Inna ke ji na mentol ne, yana taɓa jijiyar da ke jin sanyi a fata, ya ɗauke hankalin jiki daga ciwon na ɗan lokaci. Shi ne dai abin da ke cikin mantaleta da Robb da ake sayarwa a kowane tebur a babbar kasuwa.

Tun ranar farko na ari tef ɗin awo na uwargida, da yake tela ce, ina auna kewayen gwiwar dama a daidai tsakiyar ƙoƙon kowace Asabar da safe, ina rubutawa a bayan littafin darasina. Santimita 43 ranar da muka fara. Bayan sati ɗaya 43. Bayan sati biyu 43 da ɗan ɗoriya, domin ta je biki ta daɗe a zaune. Maganin da aka sayar da sunan kumburi, kumburin bai san an shafa shi ba.

A sati na uku na nemi izinin Inna mu yi wani gwaji, ta ce in yi abin da na ga ya dace. Na samo ƙananan kofuna biyu iri ɗaya. A ɗaya na zuba man Faransa, a ɗayan na kwaɓa man kaɗanya da mantaleta har ƙamshin da laushin suka zo kusa. Na sa wa ɗaya zare ja, ɗaya baƙi, ban gaya wa Inna ko yarinyar wanne ne wanne ba. Sati ɗaya ja a dama baƙi a hagu, sati na gaba aka juya. Kullum da dare nakan tambaye ta, “Inna, yau wacce ta fi sauƙi?” Wata rana ta ce dama, wata rana hagu, yawanci ta ce duk ɗaya. Da muka gama na ce ta zaɓi kofin da za a ci gaba da shi, ta ɗauki mai baƙin zare, na man kaɗanya. Mutum ɗaya da gwiwa biyu ba bincike ba ne, ni da kaina haka nake koya wa yara. Amma abin da na gani a ɗakin Inna ya zo daidai da abin da manyan gwaje-gwajen da aka yi da mutane suka gani, kuma su ne masu talla ba sa ambata.

A 2017 wani kamfanin Amurka ya gwada man CBD a gwiwar mutum 320 masu irin ciwon Inna a Ostareliya, tsawon sati 12. Miligiram 250 ko 500 suke shafawa a yini, wato rabin kwalbarmu ko dukanta a rana ɗaya, kuma a babban ma'aunin da aka sa tun farko man bai fi na holoƙo ba, wato mai kama da shi da babu sinadarin a ciki. A 2021 a Denmak aka ba mutum 136 masu amosanin hannu da na gaɓɓai ƙwayar CBD ko ta holoƙo na sati 12, ciwon ya ragu daidai wa daida a ɓangarorin biyu. A 2023 a Biyana ta Ostiriya aka ɗaga adadin zuwa miligiram 600 a yini ga masu ciwon gwiwa, mutum 86, sati 8, a kan farasitamol ɗin da suke sha. Nan ma babu bambanci, sai dai masu shan CBD ɗin sun fi samun sauyi a gwajin hanta. Ƙungiyar masana ciwo ta duniya ta fitar da matsaya a 2021 cewa hujjar da ke ƙasa ba ta isa ta goyi bayan amfani da sinadaran wiwi don rage ciwo ba.

Adalci ya sa in faɗi ɗaya gefen. Akwai wani ƙaramin gwaji a Amurka a 2022 da mutum 18 masu amosanin gindin babban yatsa, inda waɗanda aka shafa wa CBD suka ce sun fi samun sauƙi. Abin da aka gwada shi da shi kuwa man kaɗanya ne zalla, irin namu. Mutum 18 da sati biyu sun isa a ce a ƙara bincike, ba su isa a karɓi sefa dubu 20 a hannun tsohuwa ba. Kuma CBD magani ne na gaske a wani fagen: tun 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin CBD mai suna Epidiolex don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Can an yi gwaji da mutane, an ga amfani, an ƙayyade adadi, likita ke rubutawa yana bibiyar hantar yaro. Fatana a kai wannan matsayin a kan kumburi wata rana, domin masu gyambon ciki irin Inna suna matuƙar bukatar wani abin da ba diklofenak ba.

Yanzu tambayar liman. A jikin kwalbar akwai ɗan murabba'in nan da ake haskawa da waya, wai zai kai ka ga takardar ɗakin gwaji. Na haska. Takarda ta fito, amma lambar rukunin kayan da ke kanta dabam take da wadda ke gindin kwalbarmu, kuma ta girme ta da fiye da shekara. Na rubuta musu saƙo da Faransanci sau biyu, har yau shiru. Wannan ya dame ni, domin a 2022 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins sun sayi irin waɗannan mayukan shafawa guda 105 suka auna. A cikin waɗanda suka rubuta adadin CBD a jiki, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai rubutun ya dace da abin da ke ciki, kuma an sami THC a cikin fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukansu. Ɗan abin da ke cikin man shafawa ba zai bugar da kowa ta fata ba, amma na koma wurin liman na gaya masa gaskiya cewa ba zan iya rantsuwa a kan abin da ke cikin kwalbar ba.

Akwai kuma maganar doka, wadda ta fi ba ni tsoro bayan komai ya wuce. A Faransa ana sayar da CBD a fili muddin THC ɗin ciki bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, kuma kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2020 cewa CBD ba ya cikin miyagun ƙwayoyi. Wannan hukuncin can ya tsaya. A Kamaru wiwi haramtacciya ce a ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi ta 1997. Yaron da ya kawo mana saƙon ya sauka a Yawunde, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, ya shiga mota zuwa Garwa, shinge bayan shinge, da kwalba mai hoton ganyen wiwi a jakarsa, bai ma san abin da ya ɗauko ba. Da wani jandarma ya zazzage jakar, wa zai tsaya sauraron bambancin THC da CBD a bakin hanya? Ɗan mutane muka sa a haɗari. Na je har gidansu na ba mahaifinsa haƙuri.

Da na gaya wa ƙanena sakamakon sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce to ko ya aiko na ɗigawa a ƙarƙashin harshe, an ce ya fi ƙarfi. Na ce a'a. Wanda ake sha yana bi ta hanta, yana kuma rage saurin da hanta ke sarrafa wasu magunguna, har an san yana ƙara ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini. Mace mai shan maganin hawan jini kullum ba a yi mata wannan wasan. Na ce masa in yana son ya taimaka, ya aiko kuɗin kawai.

Hukuncina a kan wannan man: a matsayin man zafi mai kyau ne, ya fi na kasuwa tsabta da daɗin shafawa. A matsayin maganin kumburi kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ba zan sake karɓarsa ba ko kyauta ne, kuma duk wanda ya zo mini da hotonsa a waya yana tambaya, abin da nake gaya masa ke nan.

Kuɗin da ƙanena ya aiko a watan da ya biyo baya mun raba su uku. Likita ya rubuta mata man diklofenak na shafawa, wanda shi an gwada shi a gwiwar dubban mutane an ga yana rage ciwo, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, amma ya ce a shafa da ƙa'ida saboda cikinta da jininta. Mun sa magini ya ɗaga mata wurin zama a bayi don ta daina tsuguno. Sauran mun biya wa mai gashin ƙashi na asibiti zama shida, ya koya mata motsa ƙafa tana zaune don naman cinya ya yi ƙarfi ya riƙe gwiwar. Yarinyar ta haddace motsin, ita ke ƙirga mata goma-goma.

Shafar dare kuwa Inna ta hana a daina. Bayan isha'i takan miƙe ƙafa a kan tabarma, jikarta ta ɗebo man kaɗanya daga kofin nan mai baƙin zare, ta yi ta murzawa suna hira ƙasa-ƙasa har na kusan rabin awa. Asabar da ta wuce na auna gwiwar, santimita 42. Har yanzu a kujera take sallah, amma ta ce in bar mata dardumar a shimfiɗe a gabanta.